Mai Kai Magana a Siton Zoɓo

Azumin bana ya zo da sauran sanyi, har akwai safiyar da sai da na nemi mayafi mai kauri kafin in fita aiki. Duk da haka 'yata Sadiya tana fara ƙorafin ƙishirwa tun kafin azahar. Ni na san ƙishirwa, kuma na san shekarar da na san ta: shekarar da azumi ya faɗo a ƙarshen bazara, muna tsintar zoɓo a siton da ke bayan garin Babura, a hanyar da ta nufi Kanya Babba.

Daminar da ta gabaci wannan shekarar ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke gero yana tsaka da fitar da kai, kafin watan Sha'aban rumbun gidanmu ya koma sai ƙaiƙayi da ɓeraye. Rijiyar unguwa ta yi ƙasa, guga yana fitowa da rabin laka. Zafi kuwa tun hantsi yake sauka, idan ka taka ƙasa ba takalmi sai ka yi rawar da ba ka shirya ba. Iska idan ta kaɗo kamar an buɗe bakin tanda. Mijina Malam Idi yana acaɓa da rani, amma wa yake da kuɗin hawa babur a wannan lokacin? Shi ya sa da aka ce ana ɗaukar mata a sito, shi da kansa ya ce in je.

Kullum haka muke yi. In ɗumama tuwon jiya mu yi sahur, in sha ruwa har cikina ya yi ƙara. Bayan sallar asuba in share tsakar gida, in kai yara wurin surukata, in ɗauki faifaina da rariya in kama hanya. A bakin titi nake haɗuwa da sauran mata, mu tafi a jere, ba mai yawan magana, kowa tana tattalin yawunta.

Siton dogon ɗaki ne na bulo da rufin kwano, tagoginsa ƙanana can sama kusa da rufi, ƙofarsa ta ƙarfe. Mai shi wani Alhaji ne da ke zaune a Kano, ba mu taɓa ganinsa ba. An ce shi ma wani kamfani yake sayar wa, kamfanin ya loda a tirela zuwa Legas, daga can a sa a jirgin ruwa zuwa ƙasashen da ake shan zoɓonmu kamar shayi. Mu dai wanda muka sani shi ne Malam Sabo, manaja, siririn mutum mai carbi a hannu da makullai a aljihu. Ba ya zagi, ba ya tsawa. Murmushi yake yi, kuma murmushin nan ne ya sa ban taɓa sakin jiki da shi ba.

Aikin ba wuya a ido. A juye buhu a kan tampol, ki ɗebo a faifai, ki tsince itace da tsakuwa da ƙwallon zoɓon, ki tankaɗe ƙasa, ki zuba mai kyau a gefe. Amma ƙurar zoɓo tsami gare ta. Tana shiga maƙogwaro ta zauna, ga shi ba damar kurɓar ruwa. Kafin la'asar hannuwa sun rine, majina ta koma ja, kwanon rufi yana ƙas-ƙas don zafi. Kuma da zarar mun shiga, Malam Sabo zai ja ƙofa ya sa kwaɗo ta waje, wai don kada wata ta fita da zoɓo a ƙarƙashin hijabi. Sai lokacin sallar azahar ake buɗe mu.

Wannan duk mun haƙura da shi. Abin da ya fi ƙarfinmu maganin ƙwari ne. Idan buhuna suka taru a ƙuryar sito, sai a jefa wasu ƙwayoyi masu ruwan toka a tsakaninsu, a lulluɓe da tampol. A farkon zuwanmu idan aka yi haka, ana ba mu hutun kwanaki. Da azumi ya kama sai aka ce kamfani yana gaggawa, tirela tana jira. Sai ya zama a yaye tampol da sassafe, mu shiga da hantsi. Warin kamar tafarnuwa ce ta haɗu da ruɓaɓɓen kifi. Kai ya yi nauyi, ƙirji ya ɗaure, wasu su yi amai a kusurwa su dawo su zauna.

Ranar bakwai ga azumi Rabi ta faɗi. Maƙociyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, tana da cikin wata biyar. Tana zaune kusa da ni tana tsinta, sai na ga faifan ya zame daga cinyarta. Muka yi ta dukan ƙofa da hannu da takalmi, Malam Sabo ya tafi kasuwa da makulli. Kafin ya dawo ta daɗe a kwance, wata dattijuwarmu Iya Asabe tana yi mata fifita da murfin kwali. Bayan kwana biyu cikin ya zube. Da muka je dubiya mijinta ya ce haka Allah ya ƙaddara, mu ma muka ce haka ne. Amma a hanyar dawowa ba wadda ta kalli 'yar'uwarta.

A makon ne kuma aka ce baƙi za su zo daga kamfani su duba yadda ake aiki. Ana gobe za su zo Malam Sabo ya sa aka wanke sito, aka ɓalle tagogin da tsatsa ta kama, aka kawo randa biyu sababbi duk da ana azumi. Ya raba mana takunkumin hanci farare, kowa ɗaya. Ya zaɓi mata biyar ya kira su gefe ya koya musu abin da za su ce. Baƙuwa ɗaya ce ta zo, wata matashiya mai gilashi da takardu a hannu, ta yi tambayoyinta cikin ladabi, Malam Sabo yana tsaye a bayanta yana jan carbi. Ana rufe ƙofa? A'a. Ana shiga bayan an sa magani? A'a. Ta rubuta. Motarta ba ta kai kwanar titi ba ya bi mu da buhu yana karɓar takunkuminsa.

Iya Asabe ita ce babbarmu, ta haura sittin, tsohuwar mai sayar da daddawa ce, ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ran nan da muka tashi ta tsayar da mu a gindin darbejiyar da ke gaban sito.

"Yarinyar nan ba muguwa ba ce," in ji ta. "Amma idon da yake zuwa sau ɗaya a shekara, abin da aka nuna masa yake gani. Mu ne muke ciki kullum. In ba mu duba kanmu ba, ba mai duba mu."

Wata ta ce, "To Iya, mu da ba mu da kowa, me za mu yi?"

"Ku zo gidana gobe bayan la'asar. Kowa ta ce tafsiri za ta."

Mu goma sha biyu muka je. Ni ma da ƙyar na je, don zuciyata tana gaya mini ko dai Iya tana neman a naɗa ta shugaba ne ta riƙa samun na goro. A lokacin kowa zarginsa nake. Muka zauna a rumfar gidanta, leɓe duk ya bushe, muka tsayar da magana uku: kada a sake kulle mu, kada mu shiga sai maganin ya fita, masu ciki su yi aikinsu a waje a inuwa. Aka ce ranar Asabar Lami da Hassana, waɗanda suka fi mu baki, za su gaya wa manaja a madadin kowa.

Ranar Juma'a da safe, kafin mu ajiye faifai, Malam Sabo ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi.

"Na ji an ce idon da yake zuwa sau ɗaya a shekara ba ya gani," ya ce. "To ni nawa kullum yana nan. Lami, Hassana, ku je gida ku huta, azumi ya yi muku nauyi. In ana buƙatarku za a aiko."

Ba a aika ba. Lami marayu huɗu take riƙo.

Daga ranar sito ya canza. Maganar Iya ce ya maimaita, kalma da kalma, kuma zaɓen Lami da Hassana mu goma sha biyu ne kaɗai muka san shi, a rumfar da aka sake nanata maganar. Wato akwai mai kai magana a cikinmu. Mata suka daina hira. Idan biyu suna raɗa, ta uku ta matso, sai su yi shiru. Idan wata ta fita fitsari da azahar ta daɗe, sai a bi ta da ido. Idan Malam Sabo ya ce wa wata sannu da aiki, ranar ba mai zama kusa da ita. Muka sake haɗuwa mu bakwai, muka ce za mu kai kuka wurin mai unguwa ranar Litinin. Ranar Lahadi manaja ya riga mu zuwa, ya gaya masa wai akwai matan da aka kama da sata suna neman tayar da fitina.

A hankali zargi ya taru a kan mutum ɗaya. Mariyama 'yar tsallaken iyaka ce, daga wani ƙauye a ƙasar Nijar, ta zo cin rani tana zaune a gidan yayarta a bayan kasuwa. Doguwa ce, baƙa, ba ta da yawan magana, ba ta da dangi a cikinmu. Ta halarci zaman farko da na biyu. Kuma an gan ta sau biyu tana magana da Malam Sabo a bayan sito, an gan ta tana tsaye da direban tirela. Wata ta ce ta ga sabon zane a jikinta. Wata ta ce ai su sefa, kuɗin ƙasarsu, kawai suka sani, ba ruwansu da wanda zai mutu a nan.

Ni na fi kowa zafi a kanta, don ni nake ganin Rabi kullum ta katanga, tana zaune ta zuba wa ƙasa ido. Na janye tabarmata daga kusa da tata. Wata rana dab da shan ruwa ta biyo ta ƙofar gidanmu da ƙosai a kwano, ta ce yayarta ce ta soya. Na karɓa a zaure na ce an gode, tana juya baya na juye wa kaji. Na tabbata ta ji ƙarar kwanon.

Da muka zauna shan ruwa na ba Malam Idi labari, kamar yadda nake ba shi kullum. A gidanmu lokacin buɗa baki shi ne lokacin hira. In ya sha kunun tsamiya ya miƙe ƙafa, sai ya ce, "To Hajara, yau me ake ciki a sitonku?" Ni kuwa in kwashe komai in gaya masa, wa ta ce me, wa ta yi kuka, me aka shirya. Yana dariya, yana cewa mata ba ku da dama. Shekara goma sha ɗaya muna tare, ban taɓa ɓoye masa ko allura ba.

Ana saura kwana tara salla, Iya Asabe ta tare ni a hanyar famfo. Ta duba gaba ta duba baya.

"Hajara, ke kaɗai zan gaya wa, don na yarda da ke. Ranar Talata ba mai shiga sito. Za mu zauna a gindin darbejiya har sai Alhaji ya zo da kansa. Sauran sai da safen zan sanar da su. Ki riƙe."

Na ji daɗi har cikin raina da aka zaɓe ni. Na ce, "Iya, ko Mariyama ba ta sani ba ko?"

"Ba ta sani ba."

Ranar Talata na fito da wuri. Tun daga nesa na hango wata doguwar mota a gaban sito, mata baƙi sun cika ta, da faifansu da rariyarsu. Malam Sabo ya aika ƙauyukan wajen Kanya Babba an kwaso masa su don su maye gurbinmu. Matanmu kuwa suka zo kamar kullum, suka gaishe shi, suka wuce ciki, don ba wadda ta san da wani zama. Ya tsaya da makulli a hannu yana kallonsu. Ƙarshe ya sallami baƙin, suka koma a cikin ranar nan da azumi a bakinsu ba su samu aikin ko awa ɗaya ba, muna jin su suna Allah ya isa.

Ni na tsaya a bakin ƙofa. Mutum ɗaya aka gaya wa maganar Talata a duk garin nan, ni kuma mutum ɗaya na gaya wa. Iya Asabe ta zo wucewa ta gefena, ba ta tsaya ba, ta ce a hankali, "Shiga mana, rana tana yi."

Ban san yadda na yi aikin ranar ba. Da yamma na dama kunu, na jera kwanuka, aka kira salla. Na bari Malam Idi ya sha ruwa ya yi salla. Da ya miƙe ƙafa na riga shi.

"Malam, wa ka gaya wa maganar Talata?"

"Wace Talata?"

"Wadda na gaya maka ranar Asabar a nan wurin."

Ya juya cokali a kofi. "Ni ban kai wa kowa magana ba. Malam Sabo dai ni nake ɗaukarsa in kai shi gida kullum da yamma, kin sani. A hanya ana hira. In ya ce me matan nan suke ciki, sai in ce ka ji ka ji. Hira ce kawai."

Ban sani ba. Bai taɓa gaya mini shi yake ɗaukarsa ba.

"Hirar ce ta kori Lami."

"To ni na san haka za ta zama? Kuma ke, in sito ya rufe me za mu ci? Kin duba rumbu kuwa?"

Na dube shi ya dube ni. Fuskarsa ita ce dai wadda na sani. Na tashi na kwashe kwanuka.

Washegari tun kafin a buɗe sito na je gidan Iya. Na durƙusa ina hawaye. Ta bar ni na gama.

"Mariyama ce ta gano," ta ce. "Ta hau babur ɗin mijinki daga kasuwa, bai san a sito take aiki ba, ya yi ta ba ta labarin matan sito har da abin da aka faɗa a rumfata. Ta zo ta gaya mini tun makon da aka kori su Lami. Na ce in na faɗa miki da baki ba za ki yarda ba, sai kin gani."

"Ta sani tun lokacin? Ranar da ta kawo mini ƙosai ta sani?"

"Ta sani. Ita ta ce kada a gaya wa sauran, wai za su cinye ki ɗanya, kuma tafiyar ta watse. Ta ce ita baƙuwa ce, da ruwa ya sauka za ta tafi, a bar zargin a kanta."

Sannan Iya ta gaya mini gobe Alhamis ne zaman gaskiya. A daren Laraba za a sa magani, tirela biyu suna hanya, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas kwana biyu a jere. Buhunan da ke jibge a waje in ruwa ya taɓa su sun tashi daga aiki. Ta ce, "Yanzu na sake gaya miki. Ki san inda za ki ajiye."

Ranar da yamma Malam Idi ya tambaye ni labarin sito, na ce kaina ke ciwo.

Alhamis ta waye da wani irin zafi mai nauyi, ba iska ko kaɗan, ganyen darbejiya ko motsi. Iya ta tsaya a bakin hanya tana tare mata ɗaya bayan ɗaya. Muka shimfiɗa tabarmi a gindin bishiya muka zauna da faifanmu a cinya. Lami da Hassana ma suka zo. Malam Sabo ya buɗe ƙofa, warin nan ya fito har inda muke. Ya ce bismillah. Ba wadda ta motsa. Ya koma gefe ya yi ta waya. Daga baya muka ji ya sake aikawa ƙauye, matan can suka ce ko da kuɗi a faranti ba za su zo ba, abin da aka yi musu ranar Talata ya ishe su.

Sai Mariyama ta miƙe. Ta fito da wani gwangwani daga cikin zanenta, irin wanda ƙwayoyin maganin suke zuwa a ciki. Ta ce shi ta yi ta roƙon manaja a bayan sito, ta ce masa za ta riƙa zuba allura da zare a ciki. Ta wanke shi ta kai wa ƙaninta da ya yi lakwal, wato bokon can ƙasarsu, ya karanta mata rubutun jikinsa: guba ce, in an yaye tampol sai wuri ya sha iska sosai kafin ɗan Adam ya shiga. Ta ce kuma wurin direban tirela ta samo lambar matashiyar nan mai gilashi.

Ba ta rufe baki ba mata suka fara guna-guni. Wata ta ce dabara ce, so ake a kira lambar a ji muryar wadda ta kira. Wata ta ce in dai da wannan a ciki ita ta tashi, ta fara naɗe tabarma. Biyu suka bi ta. Na ga abin yana tsinkewa a gabana. Iya Asabe ko kallona ba ta yi ba.

Na miƙe. Harshena ya manne don ƙishirwa, sai da na yi ƙoƙari kafin murya ta fito.

"Ku zauna. Ba ita ba ce. Ni ce."

Na gaya musu duka, shan ruwa, hira, babur, Talata. Ban rage wa kaina komai ba. Lami ta dube ni ta daɗe, ta tofar da yawun da ba ta da shi, ta juya mini baya. Sai da aka yi shekara guda kafin ta sake amsa gaisuwata. Amma waɗanda suka naɗe tabarma suka warware suka zauna.

Da wayar Hassana aka kira. Iya ce ta yi magana, ta faɗi sunanta da na mahaifinta, ta ce ga abin da aka ɓoye miki ranar da kika zo, ga mu nan a zaune, in kina so ki ji daga bakin kowa. Aka riƙa miƙa wayar hannu zuwa hannu. Matashiyar ta saurare mu duka, ƙarshe ta ce kamfani ba zai karɓi kayan ba sai an warware wannan. Ko don tausayinmu ta faɗa, ko don tsoron kada magana ta kai ga masu saye a can ƙetare, wannan ban sani ba.

Muka wuni a wurin. Inuwa tana matsawa muna binta da tabarmi. Tirela biyu suka iso suka tsaya, direbobi suka kwanta a ƙarƙashinsu. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, sai ga wata farar mota. A ranar muka fara ganin Alhaji, gajere ne mai furfura, yana ta duban sama yana duban buhunansa. Ya ce a zaɓo mutum biyu su same shi a ofis.

"Ranka ya daɗe," in ji Iya, "a nan za a yi, kowa tana ji. Kuma a kira mai unguwa da liman su zama shaida."

Ya so ya yi gardama, sai aka yi tsawa ta farko. A tsaye aka gama maganar. Ba kulle ƙofa. Bayan an yaye tampol sai an kwana biyu ƙofa da tagogi a buɗe, kuma mata uku da mu za mu zaɓa su za su fara shiga su ce a shiga ko kada a shiga. Masu ciki a inuwa. Lami da Hassana su dawo. Lambar kamfani ta zauna a hannunmu, mu kira ranar da muka ga dama ba sai an zo duba mu ba. Liman ya shafa fatiha, iska ta taso da ƙamshin ƙasa, muka tashi da gudu mu da direbobi muna jan tampol a kan buhunan waje. Ruwan farko na shekarar ya sauka a kanmu ana saura kaɗan a sha ruwa. Muna tsaye a jiƙe, ruwa yana gangarowa ta fuskarmu, kowa ta datse leɓe kada ɗigo ya shiga.

Kashegarin salla na soya ƙosai na zuba a kwano na nufi bayan kasuwa. Na tarar da Mariyama tana ɗaure kaya, za ta koma gida shuka. Na ajiye kwanon, na ce ta yafe mini. Ta ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta ɗauki ƙosai ɗaya ta ci a gabana, ta ce gishiri ya ɗan yi yawa. Ba ta sake dawowa cin rani ba, yayarta ta ce ta yi aure can wajen Damagaram.

Siton yana nan, ya ma ƙaru da ɗaki biyu. Malam Sabo ya daɗe da barin wurin, Iya Asabe ta rasu shekara biyu da suka wuce. Ba a daina gwada mu ba: duk sabon manaja sai ya gwada yaye tampol da asuba ya ce tun shekaranjiya aka yaye, shi ya sa muke ɗaura zare a bakin tampol ɗin yadda mu kaɗai muka san ƙullinsa. Rabi tana cikin ukun da suke fara shiga. Ni ba a taɓa zaɓata ba, ban kuma nema ba.

Ni da Malam Idi muna nan tare, mun ƙara yara biyu. Ban taɓa tambayarsa ko hira ce kawai, ko Malam Sabo yana ƙara masa wani abu a kan kuɗin babur ba. Wani lokaci ina kallonsa yana wasa da yara in ce hira ce. Wani lokaci kuma in tuna bai taɓa gaya mini shi yake ɗaukarsa ba. Har yanzu in ya sha kunu ya miƙe ƙafa yakan ce, "To Hajara, yau me ake ciki a sitonku?"

Sai in ce, "Zoɓo."